Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kula Da Zaurukan Noma Da Kasuwa Na Maraɗi A Lemmy

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙannena, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a. Na zaɓi in rubuto muku a fili maimakon in bi ku ta waya ɗaya bayan ɗaya, domin maganar nan ta wuce taku ku kaɗai. Duk wanda ke sayen data da kuɗinsa ya shigo zaurukan nan yana da haƙƙi a cikinta, kuma ina so wanda bai yarda da ni ba ya mayar mini da amsa a gaban kowa.

A Lemmy, wato dandalin tattaunawa na intanet da ba kamfani ɗaya ke riƙe da shi ba, zauruka uku muke da su da ke maganar noma da farashin amfanin gona da harshen Hausa. Biyu ƴan Maraɗi ne suka buɗe su, kowanne a sabarsa daban, wato na'urar da ke ɗauke da zauren da rajistar masu shiga, kuma abin da ake tattaunawa a cikinsu ɗaya ne sak: iri, taki, ƙwari, ajiya, da yadda tiya ta kwana a kasuwa. Na ukun na ƴan'uwanmu ne na Katsina da Jibiya. Tun bayan kaka ake ta ja-in-ja, wasu na cewa a haɗe ukun wuri ɗaya a huta, wasu na cewa a bar kowa da nasa, ai don gudun mai gida ɗaya muka zo nan. Ga nawa ra'ayin tun daga farko: ku haɗe biyun nan na Maraɗi, ku bar na Katsina inda yake. Amma haɗewar da nake roƙo tana da sharuɗɗa, kuma idan ba za a cika su ba, gara a bar zaurukan yadda suke.

Bari mu tuna abin da ya kawo mu nan, tun da da shi masu ƙin haɗewa ke kafa hujja, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya cik na kusan awa shida a duniya baki ɗaya, saboda duka ukun na kamfani ɗaya ne, matsala ɗaya ta kwantar da su tare. A shekarar dai gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter, daga Yuni har Janairun 2022. A Oktoban 2022 Elon Musk ya sayi Twitter ɗin a kan dalar Amurka biliyan 44, ya sauya dokoki yadda ya ga dama, jama'a da yawa suka kwashe zuwa Mastodon, wanda Eugen Rochko ya fitar tun 2016. A tsakiyar 2023 kuma Reddit ya ɗora kuɗi mai nauyi a kan masu ƙera manhajojin shiga dandalinsa, dubban zauruka suka rufe ƙofa don nuna ƙin yarda, mutane suka kwararo Lemmy, wanda aka fara ginawa tun 2019. Abin da ya haɗa Mastodon da Lemmy da ƴan'uwansu shi ne ƙa'idar nan ta ActivityPub, wadda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta tabbatar a Janairun 2018. Tsarinta irin na imel ne. Mai adireshin Gmail yana aika wa mai Yahoo wasiƙa ta isa, haka nan mai rajista a wannan saba yana shiga zauren da ke waccan saba ya yi magana a ji shi. Ba kamfani ɗaya ke riƙe da komai ba. Wannan alheri ne babba, ba na musu. Sai dai ba maganin kowace cuta ba ne: da aka katse intanet ta waya a ƙasar nan na kusan kwana goma, bayan sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, babu dandalin da zai kuɓuta, na kamfani ne ko na tarayya.

Ina kuma so a daina cewa wanda ya buɗe zaure na biyu kishi ne ya sa shi. Tsarin da kansa ne ke haifar da haka. A Lemmy, saba ba ta san da wanzuwar wani zaure na wata saba ba sai ranar da wani daga cikin mutanenta ya nemo shi da cikakken adireshinsa ya bi shi. Kafin wannan rana, ko ka rubuta sunan zauren a wurin bincike ba abin da zai fito maka. Mutum ya yi rajista, ya duba, bai ga komai a kan noman Maraɗi ba, sai ya ce to bari in yi wa jama'a hidima, ya buɗe. Ƙari a kan haka, sunan zaure a adireshi ba ya karɓar ƙ da ɗ da ɓ, kuma mu nan da muka yi boko da Faransanci wani zai rubuta Tchadoua wani ya rubuta Cadawa, wani Tessaoua wani Tasawa, na'urar bincike kuwa ba ta san gari ɗaya ake nufi ba. Don haka babu mai laifi a yadda aka fara. Laifin zai zo ne idan mun ga ɓarnar da rabuwar ke yi muka ƙyale.

Ɓarnar kuwa ina ganinta da idona, domin aikina na malamin gona ya sa ina cikin zaurukan duka. Mu kaɗan ne, ƙannena. Wannan ita ce gaskiyar da masu kwaikwayon hujjojin Turai da Amurka ba sa son dubawa. Su can idan zauren maganar kwamfuta ya kasu biyar, kowanne zai samu dubban mutane. Mu kuwa yawancin manomanmu suna WhatsApp, kuma suna da dalili: can ana danna waya a yi magana da baki a aika, wanda bai iya karatu ba ma yana amfana. Lemmy ba shi da saƙon murya irin wannan, sai rubutu da hoto. Wanda zai zo nan sai wanda ya iya rubuta Hausa, yake da waya mai kyau, yake da kuɗin data, yake kuma wurin da rezo ke kamawa. Ka tace waɗannan, ka sake tace masu sha'awar noma a cikinsu, abin da zai rage ɗan kaɗan ne. Wannan ɗan kaɗan ɗin ne muka raba biyu.

A daminar da ta wuce wani manomi daga wajen Agye ya saka hoton zangarniyar hatsinsa a zaure ɗaya, murzuna ta kama ta, tsutsar ta bi zangarniya tana zagayawa tana cinye ƙwaya. Ya tambaya me zai yi. Waɗanda suka amsa masa da kyakkyawar niyya suka ce ya nemi magani ya fesa. A daidai wannan mako, a ɗaya zauren, wani ɗalibin aikin gona ya yi dogon bayani a kan ɗan ƙaramin ƙwaron nan mai kama da zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda masu binciken noma na INRAN a nan Tarna suka daɗe suna aiki a kansa. Ana zuba shi a ƙananan buhuna tare da hatsi da tsutsar da yake hayayyafa a kanta, a ajiye kusa da gonaki, ya riƙa fita yana neman tsutsar murzuna yana kashe ta. Ɗalibin ya kuma yi gargaɗi cewa inda aka saki wannan ƙwaro, feshi na kashe shi tare da abin da aka kawo shi ya kashe. Manomin bai ga wannan bayani ba, ɗalibin bai ga tambayar ba. Na kwafa na kai masa daga baya, amma murzuna ba ta jiran kowa. Kwanakin da hatsi ke fidda kai zuwa ya yi ƙwaya ƴan kaɗan ne, kuma a cikinsu take gama aikinta.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na ajiyar wake. An yi tambaya a kan ƙwaron da ke huda wake a rumbu, wani ya ba da shawarar a jefa ƙwayar Phostoxin a buhu a ajiye a ɗaki. A zauren da aka fara faɗin haka, cikin awa kaɗan masu sani suka taso: wannan ƙwaya iska mai guba take saki, tana kashe mutum, ba a ajiye ta inda ake kwana ko inda yara ke shiga. Suka kuma nuna hanyar da ba ta bukatar magani ko kaɗan, wato buhun PICS mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda idan aka ɗaure kowace leda da kyau iska ba ta shiga, ƙwaron ya mutu da kansa. Buhun nan a yankinmu aka yi gwaje-gwajensa da yawa, kuma ana samunsa a kasuwa. To amma wani ya riga ya kwafi shawarar farko ya kai ɗaya zauren, gyaran kuma bai bi ta ba. Ta zauna can kwana da kwanaki ba mai cewa uffan. Kuskure yana tsallaka zaure cikin sauƙi, domin mai kwafa ba ya komawa ya duba abin da aka ce daga baya. Wannan kaɗai ya ishe ni dalili. Maganar da ta shafi ran mutane bai kamata ta dogara da ko Allah ya sa wani ya leƙa wuri biyu ba.

Na farashi kuwa kowa ya sani. Ranar Litinin wani ya kawo farashin tiyar wake da na aya daga babbar kasuwa ya saka a nan, ranar Juma'a wani ya saka nasa a can. Matar da ke tuyar ƙuli-ƙuli da tatsar man gyaɗa, wadda ke son sanin ko gyaɗa ta hau ko ta sauka kafin ta aiki yaro, rabin labari take samu. Sabon shiga kuma idan ya leƙo ya ga rubutu na ƙarshe ya yi kwana shida, sai ya ɗauka wurin ya mutu, ya juya, alhali da an haɗa abin da ke zaurukan biyu da kullum akwai sabon abu.

Yanzu ga tsoron masu ƙin haɗewa, wanda ni ma ina da shi. Zaure a Lemmy yana zaune ne a saba guda. Ita ke karɓar rubutun kowa ta rarraba wa sauran. Ranar da ta mutu, kwafin tsofaffin rubuce-rubuce zai rage a sabobin da suka bi zauren, amma sabon abu ba zai ƙara yawo tsakaninsu ba. Kowa zai zauna yana magana shi kaɗai bai sani ba. Kuma sabobi suna mutuwa, manya ma. Kbin.social, wadda ta karɓi ɗimbin jama'a a 2023, ta lalace a 2024. Lemm.ee, ɗaya daga cikin mafi girma a Lemmy, ta rufe a ƙarshen Yunin 2025, ba don kuɗi sun ƙare ba, don masu kula da ita sun gaji kuma ba a samu masu karɓar aikin ba. Akwai kuma yanke hulɗa: a Yunin 2023 sabar Beehaw ta katse alaƙa da lemmy.world da sh.itjust.works saboda masu kula da ita ba za su iya da yawan baƙin da ke shigowa ba, duk mai rajista a waɗannan sabobin biyu ya wayi gari ba ya iya magana a zaurukan Beehaw. Idan muka tara komai wuri ɗaya, kowanne daga cikin waɗannan zai iya faɗo mana, kuma ba mu ke da iko a kansa ba.

Tsoro na biyu ya fi kusa da gida: mai kula ɗaya da ikon goge maganar kowa da korar kowa. Yanzu idan an kore ka a nan kana da can. Na kuma lura dokokin zaurukan biyu sun bambanta. Ɗaya ba ya ƙyale gardamar addini ko ta siyasa ko kaɗan, ɗaya kuma yana sassautawa, har maganar taki ta koma maganar gwamnati. Akwai mata da suka zaɓi na farkon don wannan dalili, akwai maza da suka zaɓi na biyun don wannan dalili. Wanda ya ce haɗewa ba za ta ƙwace wa kowa komai ba bai faɗi gaskiya ba.

To amma ku duba da kyau, duk waɗannan tsoro ne na tara iko a hannu ɗaya. Ba su ce dole hira ta rabu biyu ba. Ana iya tara hira wuri ɗaya a raba iko, kuma abin da nake roƙo ke nan.

Ku sani tun yanzu cewa babu wani maɓalli da za a danna zauruka biyu su zama ɗaya. Abin da ake kira haɗewa shi ne a zaɓi ɗaya ya ci gaba, ɗayan a saita shi yadda masu kula kaɗai ke iya saka rubutu, a liƙa sanarwa a samansa mai ɗauke da cikakken adireshin wanda aka zaɓa. Mambobi ba sa ƙaura da kansu, kowa sai ya je ya bi sabon da hannunsa, kuma wasu za su ɓace a hanya. Shi ya sa ya kamata a ba da lokaci, a maimaita sanarwa, a kuma kai ta zaurukan WhatsApp inda yawancinmu ke haɗuwa, a nuna wa mutane cewa ba sai sun sake rajista ba, da rajistarsu ta yanzu za su shiga. Zauren da aka kulle kuma kada a goge shi. Tsofaffin rubuce-rubucensa dukiya ce, kuma shi ne mafakarmu: ranar da sabar ɗayan ta faɗi ko aka yanke hulɗa da ita, sai a buɗe shi, kowa ya san inda zai nufa. Wannan ya kamata a rubuta shi a bayanin zauren tun ranar farko, domin ranar da matsala ta zo ba za a samu wurin yin sanarwa ba.

Wanne za a zaɓa? A nan nake jin tsoron rigima, don haka nake roƙon kada a auna da wanda ya riga buɗewa, kada kuma a auna da yawan mambobi, tun da yawancin sunayen da ke jere mutane ne da suka leƙo sau ɗaya ba su dawo ba. A auna da lafiyar saba. Mastodon yana da wani alkawari da yake neman masu saba su ɗauka kafin ya saka su a jerin waɗanda yake nuna wa sabbin shiga: a riƙa adana kwafin bayanai kullum, a samu aƙalla mutum na biyu da zai iya shiga na'urar idan na farko ya samu uzuri, a yi aikin hana cin zarafi da gaske, a kuma ba da sanarwar wata uku kafin a rufe. Ba dokar Lemmy ba ce, amma ba abin da ya hana mu ari tambayoyin. Ku rubuta wa masu sabobin biyu, ku tambaye su waɗannan, ku ƙara da tambayar ta ina suke samun kuɗin biyan na'ura, da kuma ko suna da wanda zai iya duba ƙorafi idan da Hausa aka rubuta abin da ake ƙorafi a kansa. Ku kawo amsoshin a fili. Wadda ta fi ba da amsa mai kwantar da hankali, zauren da ke kanta shi ne zai ci gaba, ko da shi ne ƙarami.

Na ji wasu na cewa mu kafa tamu sabar a nan Maraɗi kowa ya huta. Ina son wannan buri, kuma ina fata mu kai gare shi. Amma a tuna da Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da yadda garin nan ya zauna cikin duhu tun da wani babban kaso na wutarmu ta layin Katsina yake zuwa. Na'urar da za ta yi aiki dare da rana tana bukatar wuta marar yankewa, da intanet marar yankewa, da mutum fiye da ɗaya da ya iya gyaranta, da kuɗin wata-wata. Ko hayar na'ura za a yi a waje, kuɗin da mutanen suna nan. Magana ce ta daban, kada a jingina haɗewar zauruka da ita har shekara ta zagayo ba a yi ko ɗaya ba.

Sharaɗin da ba zan sassauta a kansa ba shi ne na masu kula. Duk wanda ke kula da zauren da za a kulle ya zama mai kula a wanda zai ci gaba, da cikakken iko, tun kafin a kulle komai. Lemmy ya yarda a naɗa mai kula wanda rajistarsa ke wata saba, to a tabbata ba dukansu ne a saba ɗaya ba. A samu mace aƙalla ɗaya a cikinsu, domin akwai ƙorafin da mace ba za ta kai wa namiji ba. A rubuta dokoki tare kafin ranar haɗewa, ba bayanta ba, kuma a kan gardamar addini da siyasa ra'ayina a bi mai tsauri. Wanda ke son wannan gardama yana da wurare da yawa, mai neman maganin tsutsa kuwa nan kaɗai yake da shi. Sai dai a bambance gardama da labari: idan an hana fitar da hatsi waje, ko an rufe iyaka, ko an sauya farashin taki, wannan maganar noma ce, a bar ta. Akwai kuma wani abu a Lemmy da ba mu amfani da shi yadda ya kamata, wato rajistar ayyukan masu kula, wadda ke buɗe ga kowa: duk rubutun da aka cire da duk wanda aka kora yana bayyana a ciki tare da dalilin da aka bayar. A wajabta rubuta dalili da Hausa kowane lokaci, kuma kada mutum ɗaya ya kori wani har abada sai da yardar na biyu.

Idan kuma kun zauna kun ga haɗewa ba za ta yiwu ba, to aƙalla ku raba aiki. Ƙauyukan da ke maƙwabtaka ba sa cin kasuwa rana ɗaya, kowace da ranarta, domin ɗan kasuwa ya samu zuwa duka kuma kowace ta cika. Ɗaya ya ɗauki noma da ƙwari da ajiya, ɗaya ya ɗauki farashi da ciniki, kowanne ya riƙa tura wa ɗan'uwansa abin da ba nasa ba. Ban fi son wannan ba, domin tambayar manomi ba ta rabuwa haka; mai tambayar yadda zai ajiye wake yana tambaya ne don yana jiran farashi ya tashi. Amma ya fi halin da muke ciki. Wasu sun kawo maganar PieFed, wata manhaja irin Lemmy wadda ke iya tara zauruka da yawa a shafi ɗaya mai karatu ya gan su tare. Tana taimakon mai karatu da ya san da ita, ba ta kai amsa ga wanda ya yi tambaya a ɗaya gefen.

Na Katsina kuwa a bar shi. Harshenmu ɗaya, jininmu ɗaya, sarautar garin nan ma ta Katsina ce, kuma daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ba tafiya ba ce. Amma zaurensu ba kwafin namu ba ne. Su da naira suke lissafi mu da sefa, kuma canjin yana motsi har farashin safe ya bambanta da na yamma. Awonsu da namu ba koyaushe suke daidai ba. Maganin feshin da aka yarda da shi a can hukumar NAFDAC ce ke yi masa rajista, namu kuwa kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel ne, ƙarƙashin CILSS, don haka abin da ya halatta a shagon Jibiya yana iya zama ba shi da izini a nan. Tallafin taki da na iri kowace gwamnati da nata tsarin. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan Yulin 2023, farashin abu ɗaya ya riƙa hawa a gefe ɗaya yana faɗuwa a ɗayan. Idan aka cakuɗa waɗannan wuri ɗaya, rikicewa za a samu. Abin da ya dace shi ne kowanne ya saka adireshin ɗan'uwansa a bayaninsa, a kuma samu mutum ɗaya ko biyu masu kai labarin da ya shafi kowa, kamar ɓullar fara ko tsuntsaye ko jabun taki, tare da gyaran da ya biyo baya idan an yi.

Saura magana da kai, ƙanena, wanda zaurenka ne za a kulle, ko wane ne kai a cikin biyun. Na san abin da ka zuba a ciki. Na san darare da ka yi kana goge tallan banza, da datar da ka saya da kuɗin aljihunka, da yadda ka riƙa saka rubutu kai kaɗai lokacin da ba mai amsawa. Ba ƙaramin abu ba ne a ce maka ka rufe ƙofa ka koma inda wani ya fara. Ba na so a yi maka haka da ƙuri'ar rinjaye kana ji kana gani. Ina so ya fito daga bakinka, kuma ina roƙon sauran su rubuta sunanka a bayanin zauren a matsayin wanda aka kafa shi tare da shi, domin haka ne gaskiyar. Ku kuma da naku zai ci gaba, kada in ji kalmar nasara a bakin kowa.

Ga abin da zan iya ɗauka a kaina. Zan bi tsofaffin rubuce-rubucen zaurukan biyu in tsamo waɗanda ake yawan komawa gare su, na murzuna, na ajiyar wake, na gane iri mai kyau, na awon taki, in tace su tare da duk mai ilimin da ya yarda ya taya ni, mu tara su a rubutu ɗaya da za a liƙa a sama, mu kuma ajiye kwafinsa a wajen Lemmy gaba ɗaya, a wayoyin mutane da yawa da kuma a takarda.

Abin da nake nema a wurinku shi ne ku aika wa masu sabobin tambayoyin nan cikin makon nan, ku saka amsarku ga wannan wasiƙa a zaurukan biyu a rana ɗaya, a kuma gama komai kafin ruwan farko ya sauka, domin da zarar an fara tambayar iri da ranar shuka ba wanda zai samu lokacin ƙaura.

Allah ya yi muku albarka, ya ba mu damina mai kyau.

Yayanku,
Wani malamin gona, Maraɗi